Tambaya: Da gaske ne an yi muƙabalar Musulmi da Kirista a fadar halifofin Bagadaza?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga malamanmu masana tarihi da Larabci ce.

A wajen karatu malaminmu ya ambaci littafin Ibn Taimiyya, Aljawabus Sahih, ya ce asalinsa amsa ce ga wata wasiƙa da Kiristocin tsibirin Kubrus suka aiko masa, kuma da Larabci aka rubuta wasiƙar, cike take da ayoyin Alƙur'ani. Abin ya tsaya mini a rai. A tunanina muƙabala tsakanin Musulmi da Kirista ta fara ne daga kasakasan Ahmad Deedat, ta gangaro zuwa waɗanda ake yi yanzu, inda kowane ɓangare zai yanko minti biyu ya ɗora a Facebook ya rubuta "an ƙure shi".

Shin a zamanin halifofi an taɓa zama gaba da gaba, malamin Musulmi da limamin Kirista, kowa ya kawo hujjarsa? Kiristocin wancan lokaci da Larabci suke rubuta addininsu? In kuwa an yi, wa ya rubuta abin da aka faɗa a zaman, kuma za a iya amincewa da shi? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Larabci ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku ya faɗi gaskiya, sai dai wasiƙar Kubrus can wajen ƙarshen zancen ta zo. Kafin ita an yi fiye da shekara 500 ana wannan musaya.

Zaman da ya fi shahara shi ne na Halifa Almahdi, mahaifin Haruna Rashid, da Timotawus na Ɗaya, shugaban Cocin Gabas, waɗanda littattafanmu ke kira Nasɗuriyya. An yi shi a Bagadaza wajen shekarar 781, kwana biyu. Timotawus babban mutum ne: ya riƙe cocinsa daga 780 zuwa 823, mabiyansa sun kai har Indiya da ƙasar Sin, ya kuma karanci falsafar Yunanawa. Shi ne ma Almahdi ya ɗora wa aikin fassara littafin Aristo na dabarun jayayya zuwa Larabci. Halifa da kansa ya nemi littafin da ke koyar da yadda ake kafa hujja da yadda ake warware ta, kuma Kirista ya ba aikin.

A zaman Almahdi bai saurara masa ba. Da farko ya ce, yaya mai ilimi kamarka zai ce Allah ya yi aure ya haifi ɗa? Timotawus ya ce wannan magana shi ma saɓo ce a wurinsa, sannan ya shiga bayanin abin da su suke nufi da Kalmar Allah. Halifa ya kawo batun Mai Taimako da aka ambata a Linjilar Yohanna, ya kawo mahayin raƙumi na littafin Ishaya, ya kawo annabi irin Musa da Attaura ta yi alkawari, duk a matsayin bushara da zuwan Annabi (SAW), ya zo kan gicciye, ya zo kan zargin an sauya littattafai. Duk abin da kake ji a muƙabalar yau, ɗana, an riga an ɗora shi a kan wannan shimfiɗa.

Da aka tambaye shi me yake cewa game da Annabi (SAW), sai ya ce ya bi tafarkin annabawa, domin ya koyar da kaɗaita Allah, ya raba mutanensa da gumaka, ya kore su daga munanan ayyuka. Bai ce shi annabi ne ba, halifa kuma ya lura da haka, ya ce masa to ai sai ka karɓi maganarsa. Nan suka sake komawa kan tauhidi. Daga baya Timotawus ya buga misali: mutane ne a ɗaki mai duhu tsakar dare, aka jefa lu'ulu'u a tsakaninsu, kowa ya yi wawaso. Ɗaya ya samu lu'ulu'un, wani ya damƙi fasasshen gilashi, wani tsakuwa, kowa yana murna shi ya samu, sai gari ya waye za a sani. Almahdi ya ce muna fata ga Allah mu ne muke riƙe da shi. Timotawus ya ce amin, Allah ya sa mu ma mu samu rabo.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce mai nauyi. Timotawus ne da kansa ya rubuta labarin zaman, cikin wasiƙa da harshen Suryaniyanci zuwa ga abokinsa Sarjis, daga baya aka mayar da ita Larabci. Labarin daga bakinsa muka same shi, shi ya sa za ka ga halifa na jefa tambaya a layi biyu, amsa tana cin shafi. Duk da haka masana na ɗaukar cewa zaman ya auku, domin tambayoyin halifan suna da kaifi, ba irin na ɗan koren da marubuci ke ƙirƙira don ya kayar ba ne.

Bayansa aka samu wasu da ba su kai shi gaskiya ba. Akwai labarai da yawa na ruhubani a majalisar sarki, irin na Ibrahim Aɗɗabarani a Ƙudus, inda ruhubanin ke kayar da malamai ɗaya bayan ɗaya, har ya sha guba ba ta yi masa komai ba. Waɗannan don ƙarfafa zuciyar Kiristocin da ke ganin 'yan'uwansu na musulunta aka rubuta su. Mu ma muna da namu, inda malami ke rufe bakin shugaban Kiristoci da na Yahudawa a zama ɗaya, a tashi da kalmar shahada. Duk labarin da ka ga ɓangare ɗaya ya ci ba tare da ko gumi ba, ka karanta shi a matsayin wa'azi ga 'yan gida.

Abin da ni na fi ganin girmansa rubuce-rubucen raddi ne na masu ilimin kalam, wato masu kare aƙida da hujjar hankali, saboda wata ɗabi'a da suke da ita. Abu Isa Alwarraƙ, a ƙarni na 9, ya rubuta raddi a kan ƙungiyoyin Kirista uku na zamaninsa: Malkiyya, Yaƙubiyya da Nasɗuriyya. Kafin ya soki komai sai da ya zayyana abin da kowace ƙungiya ta yarda da shi, da inda suka saɓa wa juna, daidai yadda su kansu za su faɗa. Littafin ya ɓace a hannun Musulmi. Ka san inda muka same shi? A cikin raddin da wani Kirista, Yahaya bn Adi, ya yi masa bayan kusan shekara 100. Yahaya almajirin Alfarabi ne, ya rasu a 974, kuma da kwafar littattafai yake ci; Ibn Nadim ya ruwaito cewa ya kwafe Tafsirin Ɗabari sau biyu da hannunsa. Da ya tashi mayar wa Alwarraƙ martani, sai ya riƙa kawo maganarsa sakin layi bayan sakin layi, cikakkiya, sannan ya amsa. Da ya yanke ta ko ya murɗe ta, da yau ba mu da littafin. Wannan amana ita nake nema a muƙabalar zamaninmu ban cika gani ba, kuma rashinta yana damuna ƙwarai, domin yaranmu na tasowa suna ƙaryata abin da maƙwabcinsu bai taɓa faɗa ba, nasu yaran ma haka.

Abu Sumayya ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, an amfana. Amma ina jin tsoron kada matasa su karanta wannan su ɗauka malaman Sunna duk sun yi na'am da waɗannan majalisu. Ba haka ba ne.

Alhumaidi ya kawo labari a Jazwatul Muƙtabis game da wani malamin Andalus, Abu Umar bn Sa'adi, da ya je Bagadaza ya biyo ta Ƙairawan. Ibn Abi Zaid, mai Risalar nan da muke karantawa a kowane zaure, ya tambaye shi ko ya halarci majalisun masu kalam. Ya ce ya je sau biyu bai sake komawa ba. Ya tarar da ɗaki cike da Musulmi 'yan Sunna da 'yan bidi'a, da Majusawa, da Yahudawa, da Nasara, da waɗanda ba su yarda da Mahalicci ba. Kowace ƙungiya da shugabanta, in ya shigo kowa ya miƙe tsaye har sai ya zauna. Sai wani daga cikin waɗanda ba Musulmi ba ya ce, mun taru don munazara, kada Musulmi su kafa mana hujja da Littafinsu ko maganar Annabinsu tunda ba mu yarda da su ba, hujjar hankali kawai za a yi. Jama'a suka ce sun yarda. Ibn Abi Zaid ya yi mamaki ƙwarai da Musulmi suka amince da wannan sharaɗi, ya nuna cewa malamai sun tafi, alfarmar Musulunci ta zube.

Ko Aljahiz, da yake Bamu'utazile ne, wato ɗan ƙungiyar masu kalam da ke fifita hujjar hankali, kuma gwanin jayayya, a raddinsa ga Nasara ya koka cewa suna bin hadisan da suka yi kama da masu karo da juna, da ruwayoyi masu rauni, da ayoyi masu kama da juna, sannan su keɓe da masu ƙarancin sani su tambaye su. Ya ƙara da cewa babban bala'i shi ne kowane Musulmi gani yake shi ma malamin kalam ne. Ya rasu wajen 869, amma kai ka ce wayoyinmu ya leƙa. Ni a ganina wannan ƙofa ba ta kowa ba ce.

Maman Rifkatu ta amsa:

Salama a gare ku duka. Ni Kirista ce, Bahaushiya, kuma na ji daɗin yadda Baba ya kawo maganar Timotawus ba tare da ya rage mata komai ba. Na gode, Baba.

Ɗan Tudun Wada ya tambaya ko da Larabci suke rubutu. Ƙwarai kuwa. Bayan Musulunci ya shiga Sham da Iraƙi da Masar, jama'a masu yawa sun daɗe a kan Kiristanci, amma 'ya'yansu sun tashi da Larabci a baka, dole limamai suka bi su da shi. A gidan ruhubanawa na Santa Katarina da ke Dutsen Sina'i akwai wani rubutu na ƙarni na 8 mai kare koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, yana cikin mafiya daɗewa da aka samu da Larabci. Addu'ar da ya buɗe da ita, in ba a gaya maka ba sai ka ɗauka Musulmi ne ya rubuta, kuma yana kawo ayoyin Alƙur'ani kusa da na Zabura da Linjila. Bayansa Tiyodor Abu Ƙurra, bishop na Harran, ya rubuta littattafai da dama da Larabci, haka Ammar Albasari da Abu Ra'iɗa na Tikrit. Mu da muke cewa Allah a coci da Hausa, ana yi mana kallon masu aron abin da ba namu ba, wannan tarihi yana sanyaya mini zuciya.

Wanda na fi so shi ne Iliya, babban bishop na Nasibin, da waziri Abul Ƙasim Almagribi. Sun yi zama bakwai a shekarar 1026. Wazirin ne ya fara da ba shi labarin yadda ya taɓa yin rashin lafiya a hanya, ya sauka a wani gidan ruhubanawa, aka ba shi rumman ya ci ya samu sauƙi, kuma tun daga nan yake son ya san ko Kiristoci masu shirka ne ko masu kaɗaita Allah. Suka tattauna tauhidi, suka tattauna zaman Almasihu mutum, har suka yi zama guda a kan nahawu, Iliya yana fifita Suryaniyanci, waziri yana kare Larabci. Ba wanda ya bar addininsa. Sun ci gaba da aika wa juna wasiƙu har wazirin ya rasu a 1027.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa ba tukuna. Timotawus da Iliya suna magana ne a gaban mai mulki, su kuwa masu biyan jiziya ne. Ladabin da ke cikin maganarsu wani na hali ne, wani na taka-tsantsan. A 850 Halifa Almutawakkil ya ba da umarni Kiristoci da Yahudawa su sa tufafi masu launin zuma da ɗamara don a bambance su, a rushe sababbin majami'u. A 1009 Alhakim na Masar ya sa aka rushe Cocin Kabari Mai Tsarki a Urushalima. Duk a cikin waɗannan ƙarnoni ne. Ɗan'uwa Abu Sumayya yana tsoron masu rauninsu, limamanmu na wancan lokaci su ma tsoron da ya sa su rubutu ke nan.

Baba Mai Larabci ya sake amsawa:

Maman Rifkatu, maganarki gaskiya ce, ba ni da ja. Fadar halifa ba fili ba ne da kowa ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, kuma wanda ya karanta Timotawus zai ga yadda yake lulluɓe kowace amsa da addu'a ga sarki. Ki ƙara da cewa ƙarfin ba kullum a hannu ɗaya yake ba: a Kubrus, bayan faɗuwar Akka a 1291, Musulmi ne fursunoni a hannun Kirista. Ibn Taimiyya ya rubuta wa wani babba a tsibirin wasiƙa yana roƙon a kyautata musu, ya kuma tuna masa cewa lokacin da ya je wurin Tatar neman a saki kamammu, suka ce za su saki Musulmi kaɗai, shi ya ƙi, ya ce sai an haɗa da Kiristoci da Yahudawa domin suna ƙarƙashin amanarmu.

Malam Abu Sumayya, labarin Ibn Abi Zaid tabbatacce ne a littafin, kuma na yarda ƙofar ba ta kowa ba ce. Amma dubi waɗanda suka shige ta daga mazhabarmu ta Malikiyya. Alƙali Abubakar Albaƙillani ya je Kusɗanɗiniyya a matsayin manzo wajen 981, ya yi munazara da limaman sarkin Rum, kuma Alƙali Iyal mai Ashafa ne ya ba mu labarin a Tartibul Madarik. Abul Walid Albaji, mai sharhin Muwaɗɗa, shi ya amsa wasiƙar wani ruhubani daga Faransa da ya kira sarkin Saraƙusɗa zuwa Kiristanci. Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya rubuta Al'ajwibatul Fakhira. Waɗannan ba 'yan bidi'a ba ne. Suratul Ankabut aya ta 46 ba ta hana jayayya da Ma'abota Littafi ba, sharaɗi ta sa: a yi ta da abin da ya fi kyau.

Game da sharaɗin hankali da ya ɓata wa Ibn Abi Zaid rai, ni ina ganin mai wancan magana ya faɗi abin da ba makawa. In ka kafa wa mutum hujja da littafin da bai yarda da shi ba, kamar ka kai kuɗin wata ƙasa kasuwar ƙauye ne. Shi ya sa kowane ɓangare ya koma yana karanta littafin ɗan'uwansa. Aliyu bn Rabban Aɗɗabari, likita ne Kirista da ya musulunta da tsufansa a zamanin Almutawakkil, ya cika littafinsa Addinu wad Daula da nassosin Attaura da Zabura da Ishaya. Bulus na Antakiya, bishop na Saida, ya yi akasin haka wajen shekarar 1200: ya rubuta wasiƙa ga wani abokinsa Musulmi yana kafa hujja da Alƙur'ani cewa an aiko Annabi (SAW) ga Larabawa ne kaɗai, kuma Alƙur'ani ya yabi Linjila da ruhubanawa. Ita Alƙarafi ya mayar wa martani. Bayan kusan ƙarni ɗaya wani a Kubrus ya ɗauke ta, ya sassauta wasu kalamanta, ya ƙara ayoyi, aka aika wa Ibn Taimiyya a 1316, aka aika wa Ibn Abi Ɗalib Addimashƙi a 1321. 'Yar wasiƙa ce mai shafuka kaɗan, amsar Ibn Taimiyya ta ci mujalladai. Zafinsa kowa ya sani, amma shi ma yana kawo maganarsu yanki-yanki yadda suka rubuta, sannan ya bi ta da raddi.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Allah ya ƙara girma, Baba. Na gode Maman Rifkatu, na gode Malam Abu Sumayya. Saura guda: hujjojin da ake maimaitawa a muƙabalar yau, daga waɗannan littattafai aka gado su kai tsaye, ko kowane zamani ne ke sake gano su?

Baba Mai Larabci ya amsa:

Wasu ana iya bin sawunsu, ɗana. Akwai wasiƙu biyu da aka jingina wa zamanin Halifa Alma'amun: Abdullahi Alhashimi yana kiran abokinsa zuwa Musulunci a taƙaice, Abdulmasih Alkindi yana amsa masa da doguwar suka mai zafi a kan rayuwar Annabi (SAW) da yadda aka tara Alƙur'ani. Masana da yawa na ganin Kirista ɗaya ne ya rubuta duka biyun. An fassara su zuwa Latin a ƙasar Sifen wajen 1142, suka zama abin da Turai ta daɗe tana kallon Musulunci da shi, sannan a ƙarni na 19 'yan mishan suka sake buga su, William Muir ya fitar da su a taƙaice da Turanci a 1882. Da yawa daga zarge-zargen da kake ji yau daga nan suka biyo.

A ɓangarenmu, Rahmatullahi Alkairanawi ya yi muƙabala da ɗan mishan Pfander a birnin Agra na Indiya a 1854, daga baya ya rubuta Izharul Haƙƙ da Larabci, ya haɗa hujjojin magabata da binciken Turawa kansu a kan rubuce-rubucen Littafi Mai Tsarki. Deedat da bakinsa ya ce wannan littafi ne ya sa shi a hanya. In za ka fara karatu, fara da raddin Aljahiz domin gajere ne kuma Larabcinsa akwai daɗi, ka bi shi da majalisun Iliya, ka ji ɓangarorin biyu kowa da bakinsa kafin ka ɗauki Aljawabus Sahih a gaban malaminku.